Yadda Alƙaluma Suke Zama Hoto: Daga Rajistar Asibitin Ƙauye Zuwa Allon Kwamfuta

 A cikin wannan 'yar maƙala ina so in yi bayani a kan wani aiki na zamani wanda ba a cika ganinsa da ido ba, alhali kuwa ya shafi lafiyar kowane jariri da aka haifa a ƙasar Gwarzo da ta Kabo. Aikin kuwa shi ne haɗa na'urori iri biyu: wadda take tara alƙaluma ta ajiye, da wadda take mayar da alƙaluman nan su zama zane ko taswira, yadda shugaba zai duba sau ɗaya ya gane inda ake da matsala. Zan ɗauki misalina daga allurar rigakafin yara, domin ita ce kowane gida ya sani.

Dalilin da ya sa ake zana alƙaluma

Gwarzo da Kabo maƙwabtan juna ne, biyu daga cikin Ƙananan Hukumomi 44 na Jihar Kano. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 180,000 a Gwarzo, da fiye da 150,000 a Kabo, kuma kowacce tana da mazaɓu 10. A Gwarzo akwai irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Mainika, a Kabo kuma akwai irin su Garo da Gude da Godiya da Durun. Kowace mazaɓa tana da ƙananan asibitoci, kowane asibiti kuma yana cika takardu duk wata. To, in aka tara na jiha baki ɗaya, mai mazaɓu 484, wane mahaluki ne zai zauna ya karance su layi-layi har ya gane ƙauyen da aka bari a baya? Kafin ya gama, wani watan ya kama.

Turawa sun daɗe da lura da wannan. A 1786 wani mutumin Sikotilan, William Playfair, ya fito da dabarar nuna adadi da tsawon sanda: adadi mai yawa doguwar sanda, kaɗan kuma gajeriya. A 1854 cutar kwalara ta kashe mutum wajen 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi rashi, har ya shawo kan hukuma ta cire hannun wani famfon ruwa da ke titin Broad. Da ya zana taswirar unguwar ya sa alama a kowane gidan da aka mutu, sai ga alamomin sun yi dafifi a kewayen famfon nan. A 1858 kuma Florence Nightingale ta yi wani zane da ya nuna wa mahukuntan Ingila cewa cuta ta fi harsashi kashe sojojinsu a yaƙin Kirimiya. Ashe gaskiyar Hausawa da suka ce gani ya kori ji.

Rumbu da faifai

Don a fahimci na'urorin nan biyu, bari mu kwatanta su da abin da muka saba da shi. Ta farko kamar rumbu take. Manomi yakan kawo hatsi daga gonaki dabam-dabam ya zuba a wuri ɗaya, ya san na bana, ya san na bara. Haka kamfanoni da bankuna da ma'aikatun gwamnati suke da babbar kwamfuta inda ake tara alƙaluman aikinsu, a tsara su, domin shugabanni su yanke shawara da hujja. Wannan shi zan riƙa kira rumbun alƙaluma. Wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya take amfani da shi sunansa DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce take kula da gina shi, an fara aiki da shi a Jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu kuwa ƙasashe fiye da 70 suna tara alƙaluman lafiyarsu a ciki.

Ta biyu kamar faifai take, wanda ake ɗebo hatsi a baza a kai don kowa ya ga kyansa ko tsakuwarsa. Ita ce manhajar zane. Fitattu daga ciki su ne Tableau, wanda aka kafa kamfaninsa a Amurka a 2003, da Power BI na kamfanin Microsoft wanda ya fito a 2015. Ko Excel da muke koyo a ɗakin kwamfuta yana iya wannan aiki daidai gwargwado. Shi ma DHIS2 yana da nasa sashen zane a cikinsa, amma sau da yawa akan so a gwama alƙaluman lafiya da waɗansu, kamar na kuɗi ko na taswirar ƙauyuka, sai a ɗauko manhaja ta waje a haɗa ta da rumbun. In aka jera zane huɗu ko biyar a fuska ɗaya, shi ne ake kira allon nuni.

Hanyar da alƙaluman suke bi

Kafin mu zo kan haɗin, ya kamata mu san yadda hatsin yake shiga rumbu. Uwa ta kawo jaririnta asibiti ran allura. Ma'aikaciyar lafiya ta yi masa, ta rubuta a katinsa, ta rubuta a rajista, sa'an nan ta ja 'yar sanda a takardar ƙirga. In wata ya ƙare sai a tattara jimla a cika fom guda na wata-wata, a kai hedkwatar Ƙaramar Hukuma. A can akwai jami'in da aikinsa ke nan ya shigar da abin da ke fom ɗin cikin DHIS2. Da zarar ya shigar, in akwai intanet, na Kano da na Abuja duk za su iya gani. Sunan jariri ba ya cikin wannan fom na wata, jimla kawai ake aikawa.

Matakan haɗa su

Mataki na farko shi ne neman izini. Rumbu ba a barinsa a buɗe. Akan ba manhajar zane suna da kalmar sirri, ko wani dogon mabuɗi na haruffa, kuma akan ƙayyade iyakar abin da za ta gani. Wanda aka ba izinin Gwarzo ba lalle ne ya ga na Kabo ba. Abin da ya fi dacewa kuma shi ne a ba ta ikon karantawa kaɗai, ban da ikon gyarawa, don kada garin kallo a ɓata ajiya. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka wannan mataki ba abin wasa ba ne.

Mataki na biyu shi ne tambaya. Rumbun yana da wata ƙofa ta musamman wadda ba mutum ne yake bi ta ciki ba, manhaja ce take magana da 'yar'uwarta. Masana suna kiranta API. Duk tambayar da za a miƙa ta ƙofar nan sai ta ƙunshi abu uku: mene ne, a ina ne, yaushe ne. Misali: yawan yaran da aka yi wa allurar ƙyanda, a mazaɓar Getso, a watan Maris. In aka bar ɗaya daga cikin ukun, amsar ba za ta yi ma'ana ba, kamar wanda ya je kasuwa ya ce a auna masa, bai faɗi ko gero ko dawa ba.

Mataki na uku shi ne daidaita sunaye, kuma a nan ne aiki ya fi yawa. Kwamfuta ba ta da hankalin da za ta gane cewa gari ɗaya ne aka rubuta iri biyu, ko kuwa garuruwa biyu ne suke da suna ɗaya. Akwai mazaɓar Sabon Birni a nan Gwarzo, akwai kuma Ƙaramar Hukumar Sabon Birni a Jihar Sakkwato. Akwai Nasarawa a birnin Kano, akwai Jihar Nasarawa sukutum. In an dogara da suna kawai, sai alƙaluman Gwarzo su ɓulla a taswirar Sakkwato. Don haka DHIS2 yake ba kowane asibiti da kowace mazaɓa wata lamba tata mai haruffa da lambobi 11, wadda babu mai irinta. A Nijeriya kuma akan sa haruffa biyu na jiha a gaban suna, na Kano su ne kn. Da wannan lamba ake ɗaure alƙaluman da taswira, ba da suna ba.

Mataki na huɗu shi ne tankaɗe da rairaya. Akan duba ko akwai asibitin da bai kawo fom ba, ko wanda aka shigar sau biyu, ko inda aka rubuta 450 a maimakon 45. Akwai kuma bambanci babba tsakanin sifiri da gurbi. Sifiri yana nufin ba a yi wa kowa allura ba, gurbi kuwa yana nufin rahoto bai iso ba. Na farko maganinsa a kai allura, na biyu maganinsa a nemo takarda. Manhajar da ta ɗauke su abu ɗaya za ta sa a ɗora wa ma'aikaci laifin da ba nasa ba.

Mataki na biyar shi ne zaɓen yadda sabon labari zai riƙa isowa. Hanya biyu ce. Ko dai a bar ƙofar a buɗe, duk sa'ad da aka buɗe allo manhaja ta je rumbu ta tambayo, ko kuwa ta ɗebo kwafi ta ajiye, ta riƙa sabunta shi a wani lokaci da aka tsayar, kamar kowane dare. Ta farko tana ba da labari da ɗuminsa, amma tana bukatar intanet mai ƙarfi, tana kuma nauyaya wa rumbun. Ta biyu ta fi sauri, ta fi kuma dacewa da wurin da wuta da layin waya suke yankewa, sai dai mai kallo yana iya ganin na jiya ya zaci na yau ne. Saboda haka allon kirki yakan nuna ranar da aka sabunta shi.

Mataki na shida shi ne zanen kansa. Kowace tambaya da irin zanen da ya dace da ita. In ana so a gwada mazaɓu goma da juna, zanen sanduna ya fi. In ana so a ga hawa da sauka daga Janairu zuwa Disamba, sai zanen layi. In tambayar ita ce "a ina?", babu kamar taswira. Akan kuma yi amfani da launi: kore inda aiki yake tafiya daidai, rawaya inda ake bukatar lura, ja inda ake bukatar gaggawa.

Ɗan lissafi

Ga misali na ƙirƙira don mu ga abin da allon yake lissafawa. Akwai allurar da ake kira Penta, wadda aka fara yi a Nijeriya a 2012. Tana kare yaro daga cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. Sau uku ake yin ta: a mako 6, da mako 10, da mako 14 bayan haihuwa. A ce wata mazaɓa tana da mutum 30,000. Ma'aikatan lafiya sukan ɗauki kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara guda, watau 1,200 a shekara, 100 ke nan a wata. A ce a wani wata yara 90 suka karɓi ta farko, amma 63 kaɗai suka karɓi ta uku. Bambancin 27 ne. In aka raba 27 da 90 aka ninka da 100, sai a sami kashi 30. Ma'anarsa ita ce, cikin kowane yara goma da suka fara, kimanin uku ba su ƙarasa ba. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce, in wannan adadi ya haura kashi 10, to akwai abin bincike. Sai wurin ya yi ja a allo, a tashi mutum ya je ya ji dalili: nisa ne, ko damina ta yanke hanya, ko allura ce ta ƙare, ko kuwa ba a gaya wa iyaye su dawo ba.

Abin da aka gani a Kano

Wannan ba labarin ƙasashen waje ba ne kawai. A 2012 yara 122 cutar shan inna ta kama a Nijeriya, fiye da rabin na duniya duka a shekarar nan. A wannan shekara aka buɗe cibiyar gaggawa ta yaƙi da cutar a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da waɗansu jihohi. A lokacin masu ɗiga maganin suna aiki ne da taswirar da aka zana da hannu, kuma ƙananan ƙauyuka da rugage da yawa ba sa ciki. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka yi sababbin taswirori masu nuna inda gidaje suke. Aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyin hannu waɗanda suke rubuta inda suke bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma sai a sauke sawun nan a kwamfuta, a ɗora shi a kan taswira. Duk ƙauyen da sawu bai taka ba sai ya fito fili, a sake tura mutane kafin a rufe zagayen. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka gudanar da wannan aiki.

Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, sa'an nan 6 a 2014. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, cikin Yuli 2014. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Ba taswira kaɗai ta yi wannan aiki ba. Sarakuna da malamai da masu unguwanni da matan da suka riƙa shiga gida-gida su ne ƙashin bayansa. Amfanin taswirar shi ne ta nuna musu inda ƙafarsu ba ta kai ba. A 2014 ɗin kuma a Jihar Kano aka fara gwada allon nuni na allurar yau da kullum a cikin DHIS2, kafin a yaɗa shi zuwa sauran jihohi.

Inda gizo yake saƙa

Duk da wannan amfani, akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe fiye da kome: zane ba ya fin alƙaluman da aka zana shi da su gaskiya. In aka zuba ƙaiƙayi a rumbu, ƙaiƙayi za a ɗebo a faifai, kome kyan faifan.

Matsala ta farko ita ce ta ma'auni. Har yanzu da ƙidayar 2006 ake ƙiyasta yawan jama'a, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. In jama'ar mazaɓa sun fi ƙiyasin yawa, ko kuwa mata suna zuwa daga maƙwabta, kamar yadda zai iya faruwa a Gwarzo da take kan iyaka da Jihar Katsina, sai a yi wa yara 120 allura inda ake tsammanin 100. Allo ya nuna kashi 120 cikin 100, wurin ya yi kore shar, alhali wataƙila akwai yaran da ba a taɓa kaiwa ba. Wanda ya auna buhu da ƙaramin kwano, dole ya ga kamar hatsinsa ya yi auki.

Matsala ta biyu ita ce ta halin ɗan'adam. Iyayenmu suna tune da zamanin haraji da jangali, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979. A lokacin, da yake ƙirga tana jawo biya, akan ɓoye mutane da shanu, adadi ya yi ƙasa. Yanzu kuwa abin ya juya: in ma'aikaci ya san jan launi zai jawo masa faɗa, yana iya ƙara adadi don wurinsa ya yi kore. Shi ya sa ba a dogara da rahoton ofis kaɗai, sai a riƙa binciken gida-gida ana duba katin yara. Binciken da aka yi a 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 kaɗai na yaran Nijeriya suka sami Penta ta uku, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da rahotannin ofis suke nunawa. Wannan ne ya sa a 2017 Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta kafa cibiyar gaggawa ta musamman a kan allurar yau da kullum. Cutar ba ta duba launin allo. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ta fi tsanani a Jihar Kano, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba su cika allurarsu ba.

Matsala ta uku ita ce labari ya tafi bai dawo ba. In allon yana Kano da Abuja kaɗai, ma'aikaciyar da ta cika fom a Kutama ko Garo ba ta taɓa ganin abin da ya zama ba, to za ta ɗauki cika fom wahala ce kawai. Amma in aka buga zanen aka manna a bangon asibiti, aka kuma nuna wa dagaci da masu unguwanni a taron wata, sai kowa ya ga unguwarsa, ya kuma san abin da ya rage masa.

Kira ga 'yan'uwa da iyaye

Ga iyayenmu, roƙona shi ne a adana katin allurar yaro kamar yadda ake adana takardar gona, a kuma cika duk zuwan da aka rubuta a ciki. Katin nan shi ne shaidar da ake gwada gaskiyar allo da ita. In masu bincike sun zo, a gaya musu abin da yake akwai, domin ƙirgar yau ba ta haraji ba ce.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, aikin nan ba ya bukatar sai mun je Turai. Tushensa shi ne lissafin kashi cikin ɗari, da karatun taswira da muke yi a darasin labarin ƙasa, da kuma rubutu mai tsabta. Muna iya gwadawa da rajistar ajinmu: mu ƙirga masu zuwa kowane mako har zango ya ƙare, mu zana layi a takarda ko a Excel, mu ga ko ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi suna rage yawan ɗalibai. Wanda ya iya wannan da ɗalibai 50, gobe zai iya da mazaɓu 484. Asibitoci da bankuna da kamfanonin waya duk suna neman masu wannan ilmi, amma wanda suka fi bukata shi ne mai amanar da zai rubuta 63 inda 63 take.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya raya mana ƙannenmu cikin ƙoshin lafiya, amin.